Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Ko-ta-kwana Domin Mai Juna Biyu a Harabar Jami'a

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, da kai maigida, da ku abokan aiki, wannan bayani naku ne. Cikin matan da ke zuwa awon ciki a asibitin koyarwa akwai ma'aikatan jami'a da matan ma'aikata masu yawa. Akwai malamai da sakatarori, akwai masu aiki a ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje, akwai masu shara da masu dafa abinci, ga kuma iyalan direbobi da masu gadi da ke zaune a kwatas.

Mutum zai ɗauka duk wadda ke zaune a cikin jami'a ta tsira daga matsalar haihuwa, tunda ga kilinik a kusa, ga masu ilimi a kewaye. Amma kilinik ɗin jami'a ba shi ne ɗakin haihuwa na babban asibiti ba. Yawanci ba a tiyatar fitar da jariri a can, ba a kuma ajiye jini. Sannan akwai nisa. Wanda ya san Kano ya san cewa daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya sai an ratsa gari. Haka a Zariya, wanda ya taso daga Kongo sai ya wuce Samaru kafin ya kai Shika. Da rana akwai cunkoso, da dare kuma abin hawa yakan yi wuya, ga ƙofar jami'a a rufe.

Ki ɗauka ƙarfe 2 na dare ne, jini ya ɓalle miki, maigida ya tafi taro wani gari, motar gida ba mai. Wa za a kira? Da motar wa za a fita? Wa zai buɗe ƙofa? Wa zai ba da jini? Idan waɗannan tambayoyi ba su da amsa a gidanku yau, to ki daure ki karanta wannan bayani har ƙarshe, ki kuma miƙa wa maigida.

Me ya sa ake wannan shiri?

Mafi yawan mata sukan haihu lafiya. Amma masana sun ƙiyasta cewa cikin mata 100 masu ciki, kusan 15 za su gamu da matsalar da ke iya barazana ga rai, kuma sau da yawa ba a iya sanin wace ce tun da wuri. Wadda ta haihu sau biyar lafiya tana iya zubar da jini a na shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a duniya saboda ciki da haihuwa, kuma kusan 75,000 daga cikinsu a Najeriya suke. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan.

Darasin ba sabo ba ne. A shekarar 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa binciken da aka yi a Zariya kan haihuwa 22,774 da aka karɓa a asibiti. Binciken ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda ba a kawo su ba sai da abu ya ɓaci. Daga baya, a 1994, wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri iri uku da ke kashe mata. Na farko, jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti. Na biyu, jinkirin isa asibiti. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Jinkiri na uku aikin asibiti ne ya gyara. Na farko da na biyu kuwa suna hannunku, ku iyali da abokan aiki.

Alamomin haɗari da ba a jira da su

Idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kama hanyar asibiti nan take, ko dare ko rana:

1. Zubar jini ta gaba a lokacin ciki, komai ƙanƙantarsa.
2. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki ta ƙasan haƙarƙarin dama.
3. Kumburin fuska da hannuwa, musamman idan ya zo farat ɗaya.
4. Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, ko suma.
5. Zazzaɓi mai zafi.
6. Ciwon ciki ko mara mai tsanani wanda ba ya lafawa.
7. Fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba, ko ruwa mai wari ko mai launin kore.
8. Raguwar motsin jariri ko tsayawarsa.
9. Naƙuda kafin ciki ya cika mako 37, ko naƙudar da ta wuce awa 12.
10. Fitowar cibiya, hannu ko ƙafar jariri kafin kai.
11. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji.

A farkon ciki ma akwai haɗari. Macen da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sai ga ciwon mara a gefe ɗaya, da ɗigon jini, da jiri, tana iya kasancewa da cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Idan ya fashe jini yakan zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa.

A nan ne kunya ke yi wa mata illa, musamman mai cikin fari. Za ta ji ciwo a ofis ta daure, wai kada maza su gane. Kunya ado ce, amma ba a wannan wuri ba. Ki sami mace ɗaya a wurin aiki wadda za ki iya raɗa wa magana ba tare da nauyi ba.

Shirin da za a yi a gida

Ya kamata a kammala wannan shiri kafin ciki ya shiga wata na bakwai.

Awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin mako 12 na farko. A wurin awo ne ake gane hawan jini, ƙarancin jini, tagwaye, kwanciyar jariri a gicciye, da mabiyiya da ta tare bakin mahaifa. Idan awon jininki ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20, likita zai sa miki ido sosai. Idan ya kai 160 bisa 110, wannan gaggawa ce. Kada aikin jarrabawa ko taron sashe ya hana ki zuwa ranar da aka ba ki.

Wurin haihuwa. Ki tambayi likita ko ungozoma inda ya dace ki haihu. Wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai tagwaye, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko sikila, wajibi ne su haihu inda ake tiyata kuma ake ƙarin jini. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyaye, ki tafi da katinki da sakamakon gwaje-gwajenki, kuma a nemi asibiti a can tun ranar da kika isa.

Izini. Maigida, aikin jami'a aikin tafiye-tafiye ne, yau taro, gobe duba ɗalibai, jibi ƙaro karatu. Ka ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka ko wani babba na gida, cewa duk lokacin da alamar haɗari ta bayyana a kai ta asibiti ba sai an jira ka ba. Ka kuma faɗi wanda zai tsaya a madadinka idan likita ya ce sai an yi aiki ko ƙarin jini. Mata da yawa sun yi asarar awanni masu tsada ana neman miji a waya.

Mota. A tanadi mota biyu, ta gida da ta maƙwabci, a kuma yi magana da masu su tun kafin ranar. Daga wata na takwas kada man mota ya gaza rabin tanki. A gwada hanya sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare, a san minti nawa take ci, a san ƙofar jami'a da ake barin ta a buɗe, a kuma san ƙofar asibiti da ta fi kusa da ɗakin haihuwa. A jihohin Arewa da dama, kamar Jigawa, direbobin ƙungiyar NURTW sun daɗe suna aikin sa kai na kai masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka. Abin da direbobin tasha suka iya, mazauna kwatas ma za su iya. Ku haɗu ku rubuta sunayen masu mota da suka yarda a tashe su cikin dare.

Kuɗi. A riƙa ware wani abu kowane wata, kuma a ajiye wani kaso tsaba a gida. Ba mu manta da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ya kasa biyan ko kuɗin mota. Haka yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna cewa albashi na iya tsayawa, harabar jami'a ta zama wayam. Ciki ba ya yajin aiki. Idan kuna da inshorar lafiya ta ma'aikata, ku tabbata sunan uwargida yana ciki, ku riƙe lambar katin, ku kuma tambaya tun yanzu yadda ake samun takardar turawa zuwa babban asibiti.

Jini. Ki san rukunin jininki. A sami mutum biyu ko uku masu lafiya da suka yarda su bayar, a kawo su a gwada tun kafin haihuwa. Mai shekara 18 zuwa 65 wanda nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa idan gwaji ya nuna ya dace. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mayar da shi. Idan an ce miki jininki mai alamar negatif ne, ki tuna wa ma'aikata, domin akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin da zai biyo baya.

Jaka. A haɗa ta a ajiye kusa da ƙofa: katin awo, zannuwa masu tsabta, audugar mata, kayan jariri da hula, sabulu, tocila, cajar waya, da duk abin da aka rubuta muku a wurin awo. A kuma san wanda zai zauna da sauran yara.

Lambobin waya. A rubuta su a takarda a manna a bango, kada a dogara da waya kaɗai, domin caji na ƙarewa. A sa lambar ɗakin haihuwa, ta kilinik ɗin jami'a, ta direban motar asibiti, ta ofishin tsaro, da ta maƙwabta biyu. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, kuma tana aiki a jihohin da aka kafa cibiyarta. Ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Shirin da za a yi a wurin aiki

Ma'aikaciya takan shafe kusan awa takwas a ofis, don haka matsala na iya samun ta a can. Ki sanar da shugaban sashenki, ko wata babba da kika yarda da ita, watan da kike sa ran haihuwa. Ki riƙa yawo da katin awo a jaka kullum. Ki rubuta a ƙaramar takarda sunanki, rukunin jininki, magungunan da kike sha, wanda jikinki ba ya karɓa, da lambar maigida. Ki cike takardar hutun haihuwa da wuri. Maigida ma ya tambayi ofishin magatakarda game da hutun uba, domin a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa.

Idan kina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake taɓa sinadarai, jinin mutane ko na dabbobi, ko na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ki faɗa wa likita tun awon farko domin a ga ko ya kamata a sauya miki aiki na ɗan lokaci.

Ku shugabannin sassa da tsangayoyi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowane gini ya kamata a sami akwatin taimakon farko mai safar hannu da auduga da bandeji, da aƙalla mutum biyu da suka koyi taimakon farko, ɗaya daga ciki mace. A manna lambobin gaggawa inda kowa zai gani. A raba aiki tun kafin ranar: wane zai tsaya da mara lafiya, wane zai kira mota, wane zai tsaya a bakin gini ya nuna wa direba hanya, wane zai kira iyali. Idan abu ya faru, kada a ce "wani ya kira mota". A kama sunan mutum ɗaya a ce "Malam wane, kira mota yanzu". Taron jama'a yakan tsaya kallo, kowa na zaton wani ya riga ya kira. A riƙa gwada wannan tsari ko da sau ɗaya a zangon karatu, a duba agogo a ga minti nawa aka ɗauka.

Ku jami'an tsaro da masu gadi, ku ne a farke lokacin da kowa ke barci. Ya kamata hukumar jami'a ta ba ku umarni a rubuce cewa motar da ta ɗauko mai naƙuda ba ta jira a ƙofa, kuma makullin kowace ƙofa yana hannun wanda ke bakin aiki. Ku direbobin motar asibiti, a kwana da mai a tanki, da taya mai iska, da waya a kunne.

Taimakon farko kafin a isa asibiti

Idan jijjiga ta kama ta. A kawar da kujeru da duk abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kanta, a kwantar da ita a gefen hagu, a sassauta mata tufafi. Kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura mata ruwa, rubutu ko magani, domin zai iya wucewa huhu ya shaƙe ta. Kada a yi mata hayaƙi, kada a danne ta. Yawanci jijjigar takan lafa cikin minti ɗaya ko biyu, amma tana dawowa, don haka ko ta farfaɗo ta ce ta ji sauƙi a wuce da ita babban asibiti. Wannan ciwo daga hawan jinin ciki yake, ba iska ba ne. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. A asibiti akwai allurar magnesium sulphate, wadda babban binciken da aka wallafa a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga mai hawan jinin ciki.

Idan jini ya ɓalle tana da ciki. A kwantar da ita a gefen hagu, a lulluɓe ta, a sa ƙyalle mai tsabta a waje. Kada a cusa komai a ciki, kada kowa ya sa hannu ya duba, domin idan mabiyiya ce ta tare hanya taɓawa na iya ɓalle jinin gaba ɗaya. Kada a ba ta abinci, saboda ana iya bukatar tiyata. A tafi da ƙyallen da suka jiƙe don likita ya ga yawan abin da ya zuba.

Idan jini ya ɓalle bayan haihuwa. Wannan shi ne mafi saurin kisa, yana iya ɗauke mace mai lafiya cikin awa 2. Idan ƙyalle ya jiƙe sharkaf cikin minti 5, ko jini na fita guda-guda, ko ta fara jiri da gumi mai sanyi, to abu ya yi tsanani. A sa tafin hannu a mararta ƙasa da cibiya a riƙa murzawa da ƙarfi har a ji mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo. A sa jariri a nono, a taimaka mata ta yi fitsari idan za ta iya, a ɗaga ƙafafunta, a ci gaba da murzawa a cikin mota. Kada a ce jinin banza ne ke fita. Babu jinin banza.

Idan haihuwa ta zo a ofis ko a mota. A natsu. A kori taro, a kare ta da zane, mai taimako ta wanke hannu ko ta sa safar hannu. A tallafi jariri yayin da yake fitowa, kada a ja shi, kada a danna cikin uwar. Da ya fito a goge shi da zane mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su da busasshen zane, a sa masa hula. Idan bai yi kuka ba a goga bayansa da zane da ɗan ƙarfi. Kada a riƙe shi ta ƙafa a juye, kada a watsa masa ruwan sanyi. Kada a ja cibiya don mabiyiya ta fito, kada kuma a yanke ta da tsohuwar reza ko almakashin ofis. Babu laifi a bar ta a haɗe har a isa asibiti. Idan mabiyiya ta faɗo a sa ta a leda a tafi da ita, domin ungozoma ta duba ko ta fita duka.

Idan cibiya ta riga jariri fitowa. Ta durƙusa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, domin kan jariri ya daina danne cibiyar. A cikin mota ta kwanta a gefen hagu a tokare ƙugunta da matashi. Kada a yi ƙoƙarin mayar da cibiyar. A kira ɗakin haihuwa tun a hanya.

Idan ta faɗi ba ta amsawa kuma ba ta numfashi. A kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri. Mutum ɗaya ya haɗa hannuwansa a tsakiyar ƙirjinta ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Idan ciki ya kai cibiya ko ya wuce, wani ya tura cikin zuwa hagu da hannuwansa domin jini ya sami hanyar komawa zuciya. Kada a tsaya sai ma'aikatan lafiya sun karɓa. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, don haka ku nemi a shirya muku horo.

A kowane hali, kada a tsaya a kemis don a yi mata allurar ƙara naƙuda. Allurar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba tana iya fasa mahaifa.

Gobara, haɗari da tarzoma

Ba matsalar ciki kaɗai ke samun mai ciki ba. Ki san ƙofofin fita biyu daga ginin da kike aiki, da wurin da ake taruwa idan an yi gobara. Idan an yi ƙararrawa ki fita nan take, ki bi matakala kina riƙe da ƙarfe, kada ki shiga lif, kada ki koma ɗauko jaka. Idan akwai hayaƙi ki sunkuya, ki rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya kamata a sanya mutum ɗaya a ofis wanda aikinsa shi ne ya fita tare da ke. A gida kuma, kada a kunna janareta ko gawayi a cikin ɗaki ko a baranda mai rufi, musamman da sanyin hunturu. Hayaƙinsu na ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana cutar da ɗan tayi fiye da uwar.

A mota ki ɗaura bel kullum, na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na sama ya ratsa tsakanin nonuwa. Idan kika faɗi, ko aka yi haɗari, ko wani abu ya bugi cikinki, ki zo a duba ki ko ba ki ga jini ba, domin mabiyiya na iya rabuwa da mahaifa jinin ya taru a ciki. Idan aka fara hayaniyar ɗalibai ko aka harba barkonon tsohuwa, kada ki shiga turmutsitsi. Ki shiga gini mafi kusa, ki rufe taga, ki wanke ido da ruwa mai yawa. Idan ana rade-radin dokar hana fita kuma watanki ya kama, gara ki koma gidan ɗan'uwa da ke kusa da asibiti.

Idan kun iso asibiti

Ku wuce kai tsaye ɗakin haihuwa ko sashen taimakon gaggawa, ku faɗi matsalar a taƙaice: cikin wata nawa, me ya faru, ƙarfe nawa ya fara, me aka ba ta. Mutum ɗaya ya tsaya da ita, wani ya je yankar kati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Isowa da wuri na da amfani domin magungunan suna da lokaci. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa maganin tsayar da jini mai suna tranexamic acid yana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa. Wani binciken na 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a lokaci guda, ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. Ilimin yana nan, maganin yana nan, saura a kawo mace a kan lokaci.

Idan likita ya ce sai an yi aiki, kada a ɓata lokaci ana shawara da dangi na nesa. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, da fashewar mahaifa, da rasa jariri.

Bayan an sauka lafiya

Shirin bai ƙare ranar haihuwa ba, sai an cika kwana 42. Ki zauna a asibiti aƙalla awa 24 bayan haihuwa. A gida, jini mai yawa, zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, duk dalilai ne na dawowa nan take. Maijego da ke haki, ko tari da dare, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kawo ta a duba zuciyarta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a wannan yanki. Kanwa na ɗauke da gishiri mai yawa, saboda haka mai hawan jini ko kumburi ta guji kunun kanwa, wankan jego kuma a yi shi da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Jariri da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko yake numfashi da sauri, ko ya yi shawara, shi ma a kawo shi ba tare da jira ba.

A ƙarshe, 'yar'uwa, ga aikin da za ki yi a daren yau. Ki zauna da maigida ku ɗauki takarda ku amsa tambayoyi shida: a ina zan haihu, da motar wa, ta wace ƙofa, da wane kuɗi, jinin wa, kuma wa zai yanke shawara idan ba ka nan? Ku manna takardar a bango, ku ba maƙwabci kwafi ɗaya, ki zo da ɗaya ranar awo mu duba tare. Allah ya raba lafiya.